Mai Bi da Tarkonsa

Karatu: Misalai 12:10, Kubawar Shari'a 22:6, 7, Luka 5:10.

Ga shi kaka ta yi, an ɗaure dawa da gero an kai gida, mun yi godiya ga Allah cikin masujada saboda amfanin gona. Amma kowane manomi ya sani ba shi kaɗai ya ke murna da cikar rumbu ba. Sa'ad da ciyawa ta bushe, aka fara ƙone daji, ɓeraye su kan baro gona su biyo hatsi har cikin gida. Domin wannan na ga ya kamata a wannan wata mu yi magana a kan tarko, da irin zuciyar da mai bi zai ɗana shi da ita.

Bara, kamar war haka, wani abu ya faru a ekklesiyar da na ke kiwo. Yara huɗu, dukansu 'yan makarantar Lahadi, suka kama ɓera cikin kejin waya. Suka kai shi bayan gida, suka zuba masa kananzir, suka ƙyasta ashana, sa'an nan suka buɗe ƙofar keji domin su ga yadda zai yi gudu. Ya kuwa yi gudu. Da wuta a bayansa ya ratsa darni, ya shige ƙarƙashin rumbun wata gwauruwa, tsohuwa ce cikin zumuntar mata. Kafin a ɗebo ruwa jinka ta kama, abin da ta noma da hannunta shekara guda ya zama toka. Ekklesiya ta yi ƙoƙari, aka tara mata hatsi, iyayen yaran suka gina mata wani rumbu. Na gode wa Allah domin wannan.

Da dattawa suka zauna a kan maganar, kowa ya yi zancen hatsi, da na wuta, da na horon yara. Sai na ce, to, ɓeran fa? Wani dattijo da na ke girmamawa ƙwarai ya dube ni ya ce, "Fasto, ɓera ne fa. Ɓarawo ne." Na ce masa, "Gaskiya ne, Baba. Amma da ya mutu a tsakar fili bai kai rumbu ba, da mun ce yaran nan ba su yi laifi ba ke nan?" Aka yi shiru. Ni ma na yi shiru, gama na tuna da nawa. Ina yaro na taɓa ɗana tarkon ƙarfe mai haƙora a gonar gyaɗar ubana saboda kurege, na manta da shi kwana uku. Da na koma na tarar ya kama, kuregen ya ciji ƙafarsa har ƙashi yana neman ya rabu da ita, ƙishi kuwa ya kashe shi. Ban gaya wa kowa ba. Yau fiye da shekara 30 ke nan, amma ina ganinsa.

Kada wani ya ji kamar ina cewa a bar ɓarna ta ci gaba. Ko kaɗan. Allah ya ba mutum mulki bisa dabbobi tun cikin Farawa sura 1, ya kuma sa shi cikin gona domin ya nome ta ya tsare ta. Tsaro kuwa sai da abin da a ke tsarewa daga gare shi. Dauda bai ji kunyar gaya wa Saul ya kashe zaki domin ya ƙwato ɗan rago daga bakinsa ba. Mutumin da ya zauna yana kallo ɓera na cin abincin 'ya'yansa, ya ce tausayi ne ya hana shi, wannan ragwanci ne. Littafi Mai Tsarki ya san ɓarnar ƙananan dabbobi sarai. Cikin 1 Sama'ila sura 6, sa'ad da Filistiyawa suka mayar da akwatin alkawari bayan wata bakwai, sun haɗa shi da siffofin ɓeraye na zinariya da siffofin marurai, domin ɓeraye suna lalata ƙasarsu, annoba kuma tana cin mutanensu. Arna ne, amma sun lura abin biyu tare suka zo.

Mu ma nan ƙasarmu mun ga haka da idonmu, labarin kuwa na ekklesiya ne. A watan Janairu na 1969 wata nas ta asibitin mishan a garin Lassa, cikin ƙasar Borno, mai suna Laura Wine, ta kamu da zazzaɓin da ba wanda ya gane. Aka ɗauko ta da jirgin sama zuwa asibitin mishan na Jos, can ta rasu. Charlotte Shaw, nas ɗin da ta yi jinyarta, ita ma ta kamu ta rasu. Ta uku, Penny Pinneo, aka kai ta Amurka, ta sha wuya ƙwarai amma ta rayu. A can ne masana suka gano ƙwayar cutar, aka sa mata sunan garin Lassa. A farkon 1970 cutar ta sāke tashi a Jos, Likita Jeanette Troup ta yanke a yatsa tana binciken gawa domin ta ceci sauran, ita ma ta rasu. Sai a 1972, a ƙasar Saliyo, aka gane inda cutar ta ke ɓuya: cikin wani ɗan ɓera mai nonuwa da yawa, wanda ya ke zama a gona da gida duka. Shi ba ta kashe shi, amma tana fita cikin fitsarinsa da kashinsa. Kadan ya bi ta kan tuwon da aka bari a buɗe, ko garin da aka shanya a bakin hanya, mutum ya ci, shi ke nan. Yawancin waɗanda suka kamu ba su shan wuya sosai, amma kamar ɗaya cikin biyar ciwon ya kan tsananta, waɗansu su mutu, waɗansu su tashi da kurumta. Mata masu ciki su ne a gaba wajen haɗari. Da rani kuma ta fi yawa, daidai lokacin da ɓera ya ke shigowa gida. Macen ɓeran nan ta kan haihu bayan kwana 23 ko kusa da haka, 'ya'ya goma ko fiye a ciki ɗaya. Ku yi lissafi da kanku.

Saboda haka kama ɓera aikin kirki ne, aikin ƙaunar maƙwabci ne. Abin tambaya shi ne, ta yaya?

Mai hikima cikin Misalai 12:10 ya auna mutum da dabbarsa. Ya nuna adali ya kan kula da ran abin da ke hannunsa, mugu kuwa ko abin da ya ke kira tausayi azaba ce. Wani zai ce ai ayar tana maganar jaki da saniya, ba ɓera ba. To, sai ya buɗe Kubawar Shari'a 22:6 da 7. A nan ba dabbar gida ba ce, tsuntsuwar daji ce wadda mutum ya tarar a bakin hanya tana kwance kan ƙwai ko 'ya'ya. Allah ya yarda ya ɗauki 'ya'yan, amma ya umarta a saki uwar. Abin mamaki, ya ɗaura wa wannan 'yar ƙaramar doka alkawarin zaman lafiya da tsawon rai, irin wanda ya ɗaura wa dokar girmama uwa da uba. Bayan rigyawa kuma, cikin Farawa sura 9, Allah bai yi alkawari da Nuhu shi kaɗai ba. Ya maimaita sau da yawa, alkawarin ya haɗa da kowane mai rai da ya fito daga jirgi. Ɓera ma ya fito daga jirgin nan.

Akwai wani abu da ya kan taɓa zuciyata. Cikin Matta sura 10 Ubangiji ya ce a kan sayar da gwara biyu a bakin kuɗi mafi ƙanƙanta. Cikin Luka sura 12 kuma biyar ne a bakin ninki biyu na kuɗin. Duk wadda ta san kasuwa ta gane: huɗu aka saya, ta biyar gyara ce. Tsuntsayen nan da tarko aka kama su, domin ci kuma aka kawo su, Yesu bai tsauta wa mai kamawa ko mai saye ba. Amma ya ce ko ta biyar ɗin nan, wadda mai ita bai lasafta ta a bakin kome ba, Allah bai manta da ita ba. Kadan haka ne, abin da ke cikin tarkona yana ƙarƙashin idon Uba, ko da na yanke shawara zan kashe shi.

Yanzu bari mu sauko ga aiki. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kafin a zargi ɓera sai a dubi gida. A toshe ramuka da tsagar bango da siminti ko yumɓu mai tsakuwa. A ɗaga rumbu bisa duwatsu, a share ƙarƙashinsa, a sare ciyawar da ke kewaye. Hatsin da aka sussuka a zuba cikin duro mai murfi, a rufe abinci da ruwan sha da dare, a nisanta juji daga ɗakin kwana. Kyanwa ɗaya a gida tana yin aikin tarko da yawa. Musa ma cikin Littafin Firistoci sura 11 ya lasafta ɓera cikin abubuwa marasa tsarki, ya ce kadan gawarsa ta fāɗa kan kaya a wanke su, kadan cikin tukunyar ƙasa ce a fasa ta. Mu ba mu ƙarƙashin waɗannan ka'idodi, amma wanda ya san zazzaɓin Lassa ba zai yi musu dariya ba. Gidan da ya yi waɗannan ba zai bukaci kisa da yawa ba.

Sa'an nan sai tarko. Akwai iri uku da na ke roƙon masu bi su rabu da su. Na fari tarkon ƙarfe mai haƙora, irin wanda na ba ku labarinsa. Ba ya kashewa, karya ƙafa ya ke yi ya riƙe, ba ya kuma tambaya ko ƙafar wa ce: ta kurege, ta kare, ta akuya, ko ta yaron da aka aika ɗebo itace. A Ingila an hana aiki da shi tun 1958. Na biyu allon danƙo da a ke sayarwa a kasuwa. Ɓeran da ya manne a kai ya kan kwana ya wuni yana kuka, yana fizge fatarsa, yana fitsari saboda tsoro, fitsarin nan kuwa shi ne abin da mu ke gudu. Na uku shinkafar ɓera da sauran guba. Wata irin ta kan ɗauki kwanaki tana sa jini ya tsiyaya cikin jikin dabba kafin ta mutu. Ɓeran ya kan tafi ya ruɓe cikin rufin ɗaki, ko kuwa kyanwa ta same shi yana tangaɗi ta cinye, ko mujiya, ko kare, su ma su bi shi. Ka kashe ɓarawo ɗaya, ka kashe 'yan gadi uku. Ban ma ambaci kajin maƙwabci ba, ko ɗan yaye mai rarrafe wanda duk abin da ya tsinta bakinsa ya ke kaiwa. Fastoci da yawa sun tsaya a bakin ƙaramin kabari saboda abin da aka barbaɗa a kan ƙuli-ƙuli.

Ga ɓeran ɗaki, tarkon katako mai ƙarfin waya, wanda ya kan bugi wuya ya kashe nan take, ba laifi, kadan an sa shi inda yaro da kaza ba za su kai ba. Amma a tsakar gida, da akurki, da gona, inda ba ka san wanda zai zo ba, kejin waya mai kama dabba da rai ya fi. Maƙera da masu walda suna yinsa, ƙanana da manya. A kan rataya ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi daga ciki, dabba ta ja, ƙofa ta faɗo. A ajiye shi jikin bango, gama ɓera ba ya son ratsa fili. Ɓera mai wayo ne, yana tsoron sabon abu, domin haka ya kyautu a ɗaure ƙofar a buɗe dare biyu ko uku ya saba ci, kana a ɗana. Wanda ba shi da kuɗin keji ya jingina katako a jikin duro mai zurfi mai santsi, ya zuba 'yar tsaba a ciki, kada ya zuba ruwa.

Amfanin keji shi ne yana ba ka zarafi ka duba kafin ka yi hukunci. Da safe za ka iya tarar da bushiya, ko jaba, ko kyanwar maƙwabci, ko ɗan tsako. Bushiya da jaba ƙwari su ke ci, ba hatsi ba. Mutane sun ƙi jaba saboda warinta, sun ƙi mujiya saboda camfi, amma mai bi ba shi da abin tsoro ga kukan tsuntsu, mujiya kuwa duk dare ɓera ta ke farauta. Waɗannan sai a buɗe ƙofa su tafi.

Amma keji yana da nasa nauyi. Daga sa'ar da ƙofa ta faɗo, ran dabbar nan ya shiga hannunka. Ba ta iya neman inuwa, ba ta iya neman ruwa. Kejin da aka bari a rana cikin watan Maris ya fi tarkon ƙarfe mugunta. Wanda ya ɗana da yamma ya duba da sassafe, wanda ya bar shi da rana ya duba kafin duhu, ya kuma rufa masa buhu ko ciyawa. Kadan za ka yi tafiya, ka kwance shi. Kadan ranar Lahadi za ka wuni a masujada da taron komiti, ka kwance shi tun Asabar. Ubangiji ya ce ba wanda zai bar dabbarsa cikin rijiya domin ranar hutu ce.

To, ga ɓera cikin keji, me za a yi da shi? A nan wajibi ne in faɗi gaskiya, ko da ba za ta yi wa masu taushin zuciya daɗi ba. Kada ka ɗauke shi ka sake shi a bayan gidan wani, ko a bakin gonar wani. Wannan ka ɗauki wahalarka ka ɗora wa maƙwabci ke nan, watakila har da ciwo. Sakin dabba a wurin da ba ta sani ba kuma sau da yawa mutuwa ce a hankali, gama ba ta san inda ruwa ya ke ba, ba ta da rami. Ɓeran gida kisa ne hukuncinsa. Amma a yi shi da sauri, a kaɗaice, babba ne kuma zai yi. A rufa bakin keji da buhu mai kauri, a buɗe ƙofa ya shige ciki, a matse shi a kusurwa, a buge shi a kai sau ɗaya da abu mai nauyi. Kada a nutsar da shi a ruwa, kada a zuba masa tafasasshen ruwa, kada a miƙa wa yara su ɗaura masa igiya su ja cikin gari. Kada a taɓa shi da hannu tsirara: a sa safar hannu ko leda, a binne gawar da zurfi, a wanke keji da ruwan bilic, a wanke hannu da sabulu. Waɗansu cikinmu suna cin naman ɓeran daji. Ban ce zunubi ne ba, gama Ubangiji ya tsarkake abinci duka, amma fiɗar ɓera hanya ce ta kamuwa da zazzaɓin nan, jikinmu kuwa haikali ne. Wanda zazzaɓi ya kama, maganin cizon sauro bai saukar da shi ba, ya tafi asibiti da wuri, ya kuma gaya musu akwai ɓera a gidansa.

Dattijon nan nawa, da ya ke mai karatun Littafi ne, ya same ni daga baya ya ce, "Fasto, Bulus fa? Ba cikin wuta ya karkaɗe maciji ba?" Na ce, "Haka ne, Baba, amma macijin yana maƙale a hannunsa. Bulus bai kama shi ya tara yara su yi kallo ba." Mutumin da ya haɗa dabba da wuta da gangan cikin Littafi shi ne Samson. Alƙalawa sura 15 ta ce ya kama diloli 300, ya ɗaure su wutsiya da wutsiya, ya sa musu wuta, ya sake su cikin hatsin Filistiyawa. Ku karanta har gaba ku ga inda wutar ta tsaya. Ba ta tsaya ba sai da Filistiyawa suka ƙone matarsa da ubanta. Yaran nan huɗu ba rumbu kaɗai suka ƙone ba. Sun koyi yin dariya sa'ad da mai rai ya ke kuka, wannan koyo kuwa ba ya tsayawa ga ɓera.

Akwai kuma maganar doka, gama Romawa sura 13 ta ce mu yi biyayya ga mahukunta saboda lamiri, ba saboda tsoro kaɗai ba. Da yawa cikinmu ba su sani ba, dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta sa azabtar da dabba cikin laifuffuka, ba ta gida kaɗai ba, har da ta daji wadda aka riga aka kama aka tsare. A 1963 gwamnatin Arewa ta kafa dokar namun daji. A 1985 kuma gwamnatin tarayya ta kafa dokar kāre dabbobin da su ke neman ƙarewa, aka yi mata gyara a 2016. Cikin jerin da ta kāre akwai kada, da mesa, da guza, ta kuma hana a farauci dabbobin jerin da guba ko da wuta. Saboda haka kadan abin da ya shiga akurkinka ko kejinka ba ɓera ba ne, mesa ce, ko wani naman daji babba, ko birai ne suka addabi masararka, kada ka yi gaban kanka, kada kuma ka kai kasuwa. Ka gaya wa mai unguwa, a kira ma'aikatan gandun daji. Masu zama kusa da Yankari da sauran gandaye sun fi kowa bukatar kiyaye wannan. Na san wani lokaci a kan daɗe ana jira, masara kuwa ba ta jira. Dattawan ekklesiya su tafi tare da manomin, gama muryar mutum biyar ta fi ta ɗaya a ofis.

Shari'ar Musa ta riga ta faɗi sauran. Fitowa 21:33 da 34 ta ce wanda ya haƙa rami bai rufe ba, sa ko jakin wani ya fāɗa, shi zai biya. Fitowa 22:6 ta ce wanda ya kunna wuta ta bi ƙaya ta cinye tarin hatsi, shi zai biya. Samarinmu da su ke cinna wa daji wuta da rani domin gafiya biyu ko uku, su ji wannan. Kadan tarkonka ko gubarka ta kashe kazar maƙwabcinka, ko mai bi ne ko Musulmi, ka tafi da ƙafarka ka faɗa masa ka biya, kada ka jira ya gano.

Da na ambaci gafiya, bari in gaya wa yara wani abu. A garin Morogoro na ƙasar Tanzaniya wata ƙungiya mai suna APOPO tana horar da 'yar'uwar gafiyarmu ta shinshino nakiyoyin da aka binne lokacin yaƙi. Ba ta da nauyin da zai tashi nakiya, hancinta kuwa ba ya kuskure da sauƙi. Waɗansu kuma an koya musu gane tarin fuka cikin majinar marasa lafiya. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Magawa, an ba shi lambar zinariya a 2020 saboda aikin da ya yi a ƙasar Kambodiya. Abin da mu ke jifa da dutse, Mahaliccinsa ya ajiye baiwa a cikinsa, mu ne ba mu sani ba.

Sa'ad da na ke makarantar Littafi Mai Tsarki malaminmu na Helenanci ya nuna mana wata kalma, zogreo, ma'anarta a kama da rai. Sau biyu kaɗai ta fito cikin Sabon Alkawari. Ɗaya cikin 2 Timoti 2:26, inda Bulus ya ke maganar waɗanda Iblis ya kama cikin tarkonsa domin su yi nufinsa. Ɗaya kuma cikin Luka 5:10, inda Yesu ya gaya wa Siman Bitrus, bayan kamun kifin nan mai yawa, daga yanzu mutane zai riƙa kamawa. Kalma ɗaya, masu tarko biyu. Iblis ya kan bar mutum da rai kamar yadda yaran nan suka bar ɓera da rai, domin ya yi wasa da shi, ya ɗaura masa wuta ya sake shi cikin gidajen mutane. Mashayi da mai fushi da mai tsegumi haka su ke gudu da wuta a bayansu, duk inda suka shiga sai toka. Yesu kuwa ya kama mu muna cikin ɓarna a rumbunsa. Hukuncin ɓarawo ya wajaba a kanmu, amma shi ya ɗauka a kan gicciye, ya buɗe mana ƙofa. Ga bambanci kuma: ni ba ni da ikon sāke halin ɓera, domin wannan ba ni iya sakinsa. Shi yana da ikon sāke halin mutum. Ɗan'uwa mai karatu, kadan har yanzu kana cikin tarkon na fari, ka kira gare shi yau, ka kuma nemi fastonka ko wani dattijo ku yi addu'a tare.

Yaran nan huɗu ba mu kore su daga makarantar Lahadi ba. Dattawa suka sayi keji shida daga hannun wani maƙeri, aka ajiye a ɗakin kayan masujada, duk mai so ya ara na mako guda. Aka sa yaran su zama masu kula da su. Su ne su ke kaiwa gidajen tsofaffi da gwauraye, su ɗana da yamma, su zagaya da asuba kafin makaranta, su rubuta cikin littafi abin da aka kama. Kisa kuwa dattijon nan ne ya ɗauka a kansa, shi da kansa ya roƙa. Gidan da suka fara kai keji shi ne na tsohuwar da rumbunta ya ƙone. A rana ta huɗu suka tarar da bushiya a ciki, ta dunƙule. Suka kawo mini suna tambaya ko a kai wa Baba. Tsohuwar ta biyo su da sandarta ta ce, "'Ya'yana, wannan ba ta ci mini kome ba." Ƙaraminsu ya ɗauki kejin, ya kai gindin darni, ya buɗe.